Kundin Masu Laifin Fyaɗe da Ƙofar Makarantunmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe

 

Maganar da aka ɗora mana yau mai nauyi ce a baki. Tarbiyyarmu ta hana mu ambaton wasu abubuwa a gaban manya, kuma ba mu raina wannan tarbiyya ba. To amma a zaman da ya gabata wata malama ta miƙe ta yi tambayar da ta sa zauren nan ya yi tsit. Ta ce an kawo musu sabon maigadi, babu wanda ya san inda ya fito, ga shi ɗakinsa yana jikin bayan gidan 'yan mata. Shin akwai inda za a duba a san ko an taɓa kama shi da laifin lalata da yara? Wani ɗan'uwa ya amsa mata cewa ai gwamnati ta buɗe kundi a intanet, a duba kawai. Shugaba ya ce a je a bincika a kawo wa taro bayani. Abin da muka samo ke nan muka kawo, kuma muna neman afuwar iyayenmu bisa duk kalmar da za ta yi musu nauyi a kunne.

Za mu fara daga nesa, domin wannan dabara ta rubuta sunayen masu irin wannan laifi a kundi guda a Amurka ta yi ƙarfi, kuma abin da ya ba ta ƙarfin a karkara ya faru. A can, jiha ana raba ta gunduma-gunduma, kusan kamar ƙananan hukumominmu, sai dai gundumar tana da kotunta da babban jami'in 'yan sandanta, wanda galibi mutanen gundumar ne ke zaɓensa. A jihar Minesota akwai gundumar Stearns, ƙasar noma da kiwon shanun madara, mai ƙananan garuruwa inda kowa ya san kowa. A daren 22 ga Oktoba 1989, wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Jacob Wetterling yana dawowa daga kanti tare da ƙanensa da abokinsa, a hanyar gidansu da ke bayan garin St. Joseph. Sai wani mutum ya ɓullo da bindiga, fuskarsa a rufe. Ya sa su kwanta, ya tambayi kowa shekarunsa, ya ce wa biyu su ruga kada su waiwaya, ya tafi da Jacob.

Iyayen yaron ba su zauna makoki kawai ba. Mahaifiyarsa, Patty Wetterling, ta yi ta bin majalisu har aka yi dokar tarayya a 1994 mai ɗauke da sunan ɗanta, wadda ta buƙaci kowace jiha ta buɗe kundin mutanen da kotu ta samu da laifin fyaɗe ko lalata da yara. Da farko kundin na hannun 'yan sanda ne. A cikin wannan shekarar kuma, a jihar New Jersey, wani maƙwabci ya yaudari yarinya 'yar shekara 7, Megan Kanka, da cewa ta zo ta ga ɗan kwikwiyo, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Ashe sau biyu kotu tana hukunta shi kan irin wannan laifi, iyayenta ba su sani ba, alhali gidansa na kallon nasu. Wannan ya haifi dokar 1996 da ta ce a sanar da jama'a. A 2006 aka sake wata dokar da ta kasa masu laifin gida uku gwargwadon munin abin da suka aikata: wasu sunansu zai shekara 15 a kundi, wasu 25, wasu har mutuwa.

Ga yadda abin yake gudana a gunduma irin ta karkara. Wanda ya gama zaman kurkuku zai je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya faɗi inda zai zauna da inda yake aiki da motar da yake hawa. Masu laifi mafi muni duk bayan wata uku suke komawa, na tsakiya duk wata shida, sauran sau ɗaya a shekara. In ya sauya gida ko aiki, kwana uku na aiki aka ba shi ya kai rahoto, in ya ƙi wani sabon laifi ne. Uwa kuwa tana zaune a ɗakinta za ta rubuta suna ko unguwa a shafin gwamnati, ta ga fuskokin waɗanda ke kusa da ita. Wanda yake son ƙarin bayani yana iya zuwa wurin magatakardan kotun gunduma ya nemi takardun shari'a, domin akasarinsu a buɗe suke ga kowa. In muka faɗi gaskiya, tsari ne mai ban sha'awa, kuma duk wanda ya taɓa neman fayil ɗinsa na ƙarin girma aka ce masa a dawo gobe zai ji kishi.

Sai dai labarin Jacob bai ƙare a nan ba, kuma ƙarshensa ne ya sa muka kawo shi. Shekara kusan 27 ana nema. Sai a 2016 wani mutum mai suna Danny Heinrich ya amsa cewa shi ne ya sace yaron, ya yi lalata da shi, ya kashe shi a daren nan, ya kuma nuna inda ya binne shi a wata makiyaya kusa da garin Paynesville, cikin gundumar nan dai. Mutumin nan ɗan yankin ne. Tun farkon 1990 masu bincike suka kira shi suka yi masa tambayoyi suka sake shi. Tsakanin 1986 da 1987 an kai wa 'yan sandan Paynesville rahotannin wani da ke tare yara maza da dare, ba a kama kowa ba. A Janairun 1989 an sace wani yaro ɗan shekara 12 a garin Cold Spring aka yi masa lalata aka sake shi, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar a 2015 cewa Heinrich ne, amma wa'adin da doka ta bayar na gurfanar da shi kan wannan laifi ya riga ya wuce. A 2018 babban jami'in 'yan sandan gundumar ya fito fili ya amsa cewa binciken ya kauce hanya tun da wuri.

Jama'a, ku lura da wannan. Da a ce kundin da aka sa wa sunan Jacob yana nan a daren da aka sace shi, da sunan wanda ya sace shi ba ya ciki, domin kotu ba ta taɓa samunsa da laifin lalata ba. Alamomin duk suna nan, amma a warwatse suke, wannan ofis na riƙe da guntu, wancan na riƙe da guntu, ba wanda ya haɗa.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ƙungiya. A bakin hanyar da ta shiga wata gona aka sace yaron, kuma mutumin da ke zaune a gonar malami ne, yana koyar da kiɗa a makarantar firamare. Da bincike ya cije sai aka juyo kansa. A 2010 aka zo da injin haƙa aka tone gonar iyayensa, 'yan jarida na ɗauka, aka bayyana sunansa a matsayin wanda ake sa wa ido. Shekaru yana shiga aji da wannan tabo, iyaye na yi masa kallon da kuka sani. Bai aikata komai ba. Ita ma Patty Wetterling daga baya ta riƙa faɗa a fili cewa an faɗaɗa kundin fiye da abin da suka nema, har ana cusa ƙananan yara a ciki, ana kuma hana waɗanda suka gama hukuncinsu samun gida da aiki, abin da ba ya ƙara wa kowane yaro tsaro. A jihar Maine, a 2006, wani matashi ya samo adireshin mutum biyu a kundin ya bi su gida ya harbe su.

Misali ɗaya daga Ingila, a taƙaice, domin na makaranta ne. A 2002, a ƙaramin garin Soham, mai kula da ginin wata makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10. Kafin a ɗauke shi aiki an nemi bayaninsa wurin 'yan sanda, aka ce ba komai. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2004 ya gano cewa an sha kai ƙararsa kan fyaɗe da lalata da ƙananan 'yan mata a yankin da ya baro, amma ba a taɓa yanke masa hukunci kansu ba, kuma bayanan ba su bi shi zuwa sabon wurin ba.

Yanzu mu dawo gida. Ɗan'uwan da ya ce akwai kundi bai yi ƙarya ba. Dokar haramta cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ce a ajiye kundin waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe, jama'a kuma su iya dubawa. Jihar Ekiti da jihar Legas sun riga tarayya buɗe nasu. A watan Nuwamba 2019 hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ta ƙaddamar da na ƙasa baki ɗaya a intanet. A watan Yuni 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, kuma a Satumban shekarar jihar Kaduna ta tsananta hukunci har zuwa dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba.

To mene ne girman matsalar? Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da cin zarafi na lalata kafin su cika shekara 18. Kowannenmu ya tuna rajistar ajinsa ya yi lissafi da kansa. Wani rahoton ma'aikatar shari'a ta Amurka na shekarar 2000 kuwa ya nuna cewa cikin yara ɗari da aka yi wa haka, kusan 93 sun san wanda ya yi musu, ko ɗan'uwa ko wani sananne. Baƙo mai rufe fuska shi ne wanda muke tsoro, amma wanda ya fi yawa shi ne wanda yaro yake gaisarwa da safe.

Kafin suna ya shiga kundi sai ya bi doguwar hanya. Sai yaro ya faɗa, sai babba ya yarda da shi, sai an kai asibiti an sami takardar likita, sai an kai wa 'yan sanda, sai an gurfanar, sai shaidu sun yi ta zuwa kotu da kuɗin motarsu ana ɗagewa, sai alƙali ya yanke hukunci, sannan sai wani ma'aikaci ya tuna ya aika da sunan. A karkararmu yawanci tun a mataki na biyu magana take mutuwa. Ana kiran abin rufin asiri, ana cewa kada a ɓata wa yarinya aure. Saboda haka idan muka rubuta suna a kundi ya ce babu, abin da ya gaya mana kawai shi ne kotu ba ta taɓa hukunta mai wannan suna ba, ko ta hukunta ba a aika ba. Ga kuma matsalar suna. A ƙaramar hukumar nan kaɗai mutum nawa ne suke amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya? Wanda ake kira da laƙabi a ƙauyensu, da sunan yanka a takarda, da sunan gari a wurin aiki, wanne za a rubuta? Mai laifi yana iya sulalewa, marar laifi kuma ya faɗa ciki.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne namu hannun a ciki, kuma ba za mu tsaya a nan mu nuna wasu da yatsa mu bar kanmu ba. Shekarun baya, a wata makarantar ƙauye da muka yi aiki, an turo mana malami a tsakiyar zango. Takardar canjin wurin aikinsa layi uku ce, ba dalili a ciki. Mutum ne mai zuwa da wuri, mai kyan rubutu, kuma shi ya fara cewa zai riƙa yi wa 'yan aji shida darasin yamma kyauta saboda jarrabawar shiga sakandare. Muka yi ta yaba masa. Bayan zango biyu wata uwa ta zo da dare, ba wurin hedimasta ba, wurin matarsa, ta yi maganar cikin kuka. Kashegari aka zauna a zaure, dattawa da mu. Aka yi rantse-rantse, aka ba da haƙuri, aka ba da wani abu a ambulan. Aka cire yarinyar daga makaranta aka kai ta wurin gwaggonta a wani gari, ba ta rubuta jarrabawar ba. Shi kuma aka nema masa canji. Takardarsa ta fito, layi uku.

Bayan shekara muka haɗu da malaman makarantar da ya baro kafin tamu a wani taron bita. Da sunansa ya faɗo a hira sai ɗayansu ya girgiza kai ya ce ai dama sun san za a rina. Muka ji haushinsu ƙwarai, muka ce don me ba su gaya mana ba. Sai a mota, muna komawa, ɗayanmu ya tambaya ko akwai wanda ya gaya wa makarantar da muka tura shi. Ba wanda ya amsa. Sunan mutumin nan ba ya cikin kowane kundi, kuma mu ne muka hana shi shiga. Amurkawa ma sun sha fama da wannan ɗabi'a ta miƙa wa wata makaranta abin da ka ƙi, har dokar iliminsu ta 2015 ta sa jihohi su haramta taimaka wa ma'aikacin makaranta samun sabon aiki in an san ko akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zaton ya yi lalata da ɗalibi.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa suke faɗa a zuci, kuma suna da hujja. Ƙungiya don kare malami aka kafa ta tun 1931, kuma sharri yana nan. Mun ga wanda aka ƙulla wa saboda rikicin gona, da wanda aka ƙulla wa saboda siyasa, da wanda uban yaro ya yi wa ƙage don ya hukunta ɗansa. Malamin nan na Minesota ɗan'uwanmu ne a sana'a, kuma abin da ya same shi yana iya samun kowa a zauren nan. Amma mu tambayi kanmu, zaman zaure wa yake karewa? Malamin da aka yi wa ƙage, in aka kashe magana a zaure aka canza masa wuri, ya tafi ke nan da zargin a wuyansa har abada, ba takardar da za ta wanke shi. Wanda zaure yake amfana shi ne mai laifi kaɗai. Bincike a rubuce, mai kwanan wata da sa hannu, shi ne abin da marar laifi zai ɗaga gobe ya ce ga shi an duba an wanke ni. Haƙƙin ɗan ƙungiya a kanmu shi ne lauya da sauraro na adalci da albashinsa har a gama bincike. Nema masa canji a ɓoye ba ya cikin haƙƙinsa.

Saboda haka ga abin da muke roƙon reshe ya amince da shi. Duk babban da zai yi aiki cikin harabar makaranta, malami ne, maigadi ne, mai dafa abinci ne, malamin sa-kai da kwamitin makaranta ke biya ne, ko ɗalibin kwaleji mai koyon koyarwa, a karɓi sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da hotonsa, da inda ya yi aiki a baya. A duba kundin ƙasa a rubuta ranar da aka duba. Sannan, kuma wannan ya fi dubawar muhimmanci, hedimasta ya ɗaga waya ya kira takwaransa na wurin da mutumin ya baro ya tambaye shi kai tsaye ko an taɓa kawo ƙorafi kansa game da yara. Wanda aka tambaya kuma ya faɗi abin da ke rubuce, kada ya ƙara da jita-jita, kada ya rage don kara.

Idan ƙorafi ya zo, a rubuta shi ranar a littafin tarihin makaranta, da kalmomin yaron kamar yadda ya faɗa, ba tare da an yi ta maimaita masa tambaya a gaban mutane ba. A kai shi asibiti nan take, domin maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe cikin awa 72 ake fara shi, kuma shaida tana gushewa da wanka da wanki. A sanar da 'yan sanda da sakataren ilimi a rubuce. A janye wanda ake zargi daga aji, reshe ya tsaya masa da lauya, amma kada wani jami'in reshe ya taka ƙafa neman masa canji kafin a gama. In laifi ya tabbata kan malami, mu da kanmu mu rubuta wa hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar 1993 ta ba ikon soke sunan malami. Hoton wanda ake zargi kuwa, da sunan yaro, kada mu ga ɗayanmu ya sa a Facebook ko WhatsApp. Mun san yadda taron jama'a yake idan ya fusata, ba ya jiran alƙali.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar izinin kowa. Darasin yamma a yi shi ƙofa buɗe, da sanin hedimasta da iyaye. Al'adar nan ta aiken 'yan mata gidajen malamai su yi shara, su ɗebo ruwa, su kai abinci, a bar ta haka nan, ko da malamin waliyyi ne, domin ita ce inuwar da wanda ba waliyyi ba yake fakewa a ciki. Ku kuma iyayenmu mata da matanmu da ke zaune a nan, ku ne ake fara kawo wa irin wannan magana da dare. In ta zo muku, kada ku ce wa uwar ta yi haƙuri ta rufa asiri. Ku tashi maigida.

Game da tambayar malamar da ta jawo wannan jawabi, mun rubuta sunan maigadin a kundi, babu shi. Mun gaya mata haka, mun kuma gaya mata iyakar abin da wannan yake nufi. Hedimastansu ya kira garin da mutumin ya ce ya fito, an ce an san shi, ana jiran takarda daga mai unguwarsu. Ba mu da wani zargi a kansa, kuma muna roƙon kada kowa ya fita daga nan da zargi. Kwamitin makarantar dai ya riga ya mayar da ɗakin gadi bakin ƙofar shiga, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Mun miƙa wa sakatare waɗannan shawarwari a rubuce. Muna neman a kafa kwamitin mutum biyar, aƙalla biyu mata, ya zauna da sakataren ilimi kafin a koma hutu, ya kawo wa zama na gaba fom ɗin da kowace makaranta za ta riƙa cikawa.